DARASI DOMIN ƘUNGIYOYIN MANOMA: IN SANDAR GIYAR BABUR TA CIJE

 Darasinmu na wannan fitowa a kan babur ne, musamman a kan sandar nan ta gefen hagu wadda mu ke takawa domin canja giya. Makanikai suna ce mata giya liba. A karanta darasin a taron ƙungiya, kuma in da hali a kawo babur guda a tsayar da shi a tsakiya, domin kowa ya ga abin da a ke magana a kai.

ABIN DA YA SA DARASIN YA SHAFE MU

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama ƙasar noma rani da damina. An tsara kashi na farko na aikin ya shayar da kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ce mai lura da shi. Ruwa yana tafiya cikin manya da ƙananan magudanai, manomi kuwa yana bin gefensu a kan babur. Da babur a ke kai taki da iri, da shi a ke ɗauko injin ban-ruwa, da shi a ke zuwa jin farashin tumatir a Kwanar Gafan, da shi kuma a ke kai mara lafiya asibiti cikin dare.

Hanyoyin nan suna wahalar da babur. Da damina laka ce ta fadamar shinkafa, da hunturu kuwa ƙura ce mai laushi wadda ba ta barin ko wace kafa. Ga nauyin kaya: buhun taki ɗaya kilo 50 ne, wani kuwa ya kan ɗora uku ya kuma hau. Saboda haka sandar giya ta kan yi tauri, ko ta maƙale a ƙasa, ko ta ƙi shiga sam.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tumatir da aka tsinka ba ya jiran kowa. Wanda ya makara ranar da ruwa ya zo layinsa, sai wani zagaye. Mafi muni, giyar da ta cije a kan titin Kano zuwa Zariya, mutum yana ƙoƙarin tsallakawa ga tirela tafe, tana iya jawo asarar rai. Amma sau da yawa abin da ya hana ta aiki ƙarami ne, manomi zai iya gano shi da kansa.

YADDA GIYA KE AIKI

Wanda bai san yadda abu ke tafiya ba, ba zai san inda ya tsaya ba. Ga yadda aikin ya ke, daki daki:

1. Sandar da ka ke takawa tana ɗaure a bakin wani dogon ƙarfe wanda ya ratsa cikin injin. Makanikai suna ce masa shaf. Bakinsa yana da ƙananan haƙora kewaye, sandar ma tana da nata, noti guda ne ke matse su tare.

2. A ɗaya ƙarshen shaf ɗin, cikin injin ta gefen dama kusa da kuloci, akwai ɗan hannu mai ƙugiya. Duk sa'ad da ka taka sanda, ƙugiyar ta kan juya wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙaramar ganga, taki ɗaya kawai.

3. A jikin gangar akwai kwaruruka. Wasu ƙarafa masu baki biyu kamar gwafa suna bin kwarurukan nan, suna tura giyoyi hagu ko dama, har kunnuwan wannan giya su faɗa cikin ramukan waccan.

4. Akwai sifirin guda wanda ke komo da sanda tsakiya bayan ka ɗauke ƙafa. Akwai wani kuma wanda ke danne ganga domin ta zauna a giyar da ka zaɓa.

Daga wannan za mu koyi abu biyu. Na ɗaya, tilas sanda ta komo tsakiya kafin ta iya kama giya ta gaba. Mai barin ƙafarsa a kan sanda yana hana ta komowa, sa'an nan ya ce giya ta lalace. Na biyu, kunnuwan giya ba su samun ramukansu sai ƙarafan ciki suna juyawa. In babur yana tsaye giya ta ƙi shiga, ba lalle ne akwai ciwo ba. Ka tura shi gaba kaɗan ko baya kaɗan, ko ka sassauta kuloci kaɗan, za ta faɗa. Duka da dunduniya ba ya sa ta shiga, sai dai ya lanƙwasa gwafar da ke ciki.

KA SAN IRIN BABUR ƊINKA

Ba dukansu ɗaya ba ne. Irin su Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, da irin Honda CG125 wanda aka fara yi a Japan a 1975 domin ƙasashen da hanyoyinsu ke da wuya, baƙin mai ɗaya ne ke jiƙa injin da kuloci da giya gaba ɗaya. Irin Jincheng mai hayaƙi kuwa, wanda aka yi a kan tsarin Suzuki AX100, mai iri biyu ya ke sha: man da ke ƙonewa tare da fetur daban, man akwatin giya daban. Da yawa suna ƙara na farko kullum, su manta da na biyu shekara da shekaru. Sai kuma roba-roba, zuriyar Honda Super Cub na 1958, wanda ba shi da hannun kuloci. A cikinsa sandar giya ce da kanta ke sakin kuloci sa'ad da ka taka ta.

GWAJI NA FARKO

Kayan aiki su ne: sifana lamba 10 da 'yan'uwanta, filaya, sukudireba, tsohon buroshi, tsumma, kananzir kaɗan, giris, da alli.

A kashe injin, a bar shi ya huce, gama salansa tana ƙuna. A ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ko a kan guntun icce, har tayar baya ta bar ƙasa. Mutum ɗaya ya riƙa juya tayar baya da hannu, yana nisantar da yatsunsa daga sarƙa. Na biyu ya riƙa canja giya da hannunsa, daga ta ɗaya har ta ƙarshe, ya komo. Sai a lura:

(a) In dukan giyoyi sun shiga sumul injin yana kashe, amma suna tauri in an tayar da shi, a nemi laifin wajen kuloci, ko mai, ko silo.

(b) In sanda tana tauri ko injin yana kashe, a duba sandar da kanta da bakin shaf.

(c) In an danna sanda ta zauna a can ba ta komo ba, ko dai wani abu yana goga ta, ko shaf ya lanƙwashe, ko sifirin ya karye.

(d) In sanda tana lilo ba ta kama kome, noti ya kwance ko haƙora sun cinye.

(e) In giya tana shiga amma tana fita da kanta a kan tafiya, ciwon yana ciki.

Kullum a fara da abin da ke waje, mai sauƙi, mai araha. Kada a buɗe injin sai an gama da waɗannan.

MATAKI NA ƊAYA: LAKA DA TSATSA

Lakar fadama in ta bushe ta kan zama kamar siminti. Tana taruwa tsakanin sanda da jikin injin, da bayan murfin da ke rufe ƙaramar giyar sarƙa. Ciyawa da igiyar buhu da leda su ma su kan naɗe a wurin. A kankare da tsinke, a wanke da buroshi da kananzir, a goge, a ɗiga baƙin mai kaɗan. In babur ɗin yana da ɗan ƙarfe mai gaɓoɓi tsakanin sanda da shaf, a kwance gaɓoɓin, a wanke, a shafa giris. Babura da yawa a nan ciwonsu ke ƙarewa.

MATAKI NA BIYU: SANDA TA LANƘWASHE

Babur da ya faɗi ta hagu a kan kunyar gona ko a bakin magudana, sandar giya ce ke fara taɓa ƙasa. Ka tsuguna ka duba: tana gogar murfin injin ko matakin ƙafa? Za ka ga wurin da fenti ya goge yana ƙyalli.

Kada ka miƙe ta tana jikin babur. Ƙarfin da ka sa zai bi ta shaf ya shiga ciki, garin neman gira a rasa ido. Ka yi alama da alli a bakin shaf da jikin sanda domin ka mayar da ita daidai. Ka zare notin gaba ɗaya, gama yana ratsa wani kwari a jikin shaf, in an sassauta shi kawai sanda ba za ta fito ba. Sa'an nan ka miƙe ta a kan icce. Ta baƙin ƙarfe tana miƙuwa. Ta alminiyam kuwa ta kan tsage, gara a sayi sabuwa.

Tun da sanda tana waje, ka dubi bakin shaf. In ya karkace, ko mai yana tsatsafowa daga robar da ke kewaye da shi, aikin ya zama na makaniki.

MATAKI NA UKU: NOTI DA HAƘORA

Notin da ya kwance yana barin sanda ta riƙa wasa a kan haƙora. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har haƙoran su shafe. In na sanda ne kaɗai suka ci, kuɗin sabuwa kaɗan ne. In na shaf suka ci, sai an buɗe gefen injin. Saboda haka a riƙa taɓa notin nan da sifana ko wane mako.

Ga gargaɗi babba. In haƙora sun shafe, wasu su kan kai babur wurin mai walda a liƙe sanda da shaf. Ranar za a hau a tafi, amma ɓarnar tana gaba. Zafin walda yana ƙona robar da ke tare mai, mai ya fara zuba. Kuma a yawancin baburan nan ta gefen dama a ke zare shaf, watau tilas sanda ta fita tukuna. Wanda ya liƙe ta, ran da sifirin ya karye sai an yanke ƙarfe da zarto. Araha ba ta ado.

A kuma daidaita tsayin sanda da takalmin mai hawa. Wanda ke sa takalmin roba na shiga fadama yana bukatar a ɗaga ta haƙori ɗaya, domin ƙafarsa ta shiga ƙarƙashi ba tare da ta danne ta ba.

MATAKI NA HUƊU: KULOCI

Aikin kuloci shi ne raba injin da giya sa'ad da ka matse hannu. In bai raba su sarai ba, giya tana ɗauke da nauyi, ba za ta so motsi ba. Alamunsa uku ne: babur yana jan jiki gaba ko da ka matse kuloci har ƙarshe, giya ta ɗaya tana shiga da ƙara mai ƙarfi, firi yana wuyar samu injin yana aiki, amma da ka kashe shi sai ya samu nan da nan.

Ka taɓa hannun kuloci da yatsa ɗaya. Ya kamata ya yi ɗan wasa kafin ka ji nauyi, kamar santimita 1 zuwa 2 a ƙarshen hannun. In wasan ya wuce haka, waya ta saki. Ka sassauta notin kulle, ka juya abin daidaitawa da ke kusa da hannu ko wanda ke ƙasa kusa da injin, ka sake kullewa. Amma kada ka ɗaure har wasa ya ƙare ƙaf. In ka yi haka kuloci zai riƙa zamewa, injin yana kuka babur ba ya gaba, faifan ciki su ƙone.

Wayar da ta bushe da ƙura tana tauri. A cire kanta na sama, a ɗaura 'yar leda kamar mazurari, a zuba baƙin mai kaɗan, a bar shi ya sauka. In ka ga silin waya ko ɗaya ya tsinke, ka sake ta tun kana gida, gama sauran za su bi shi, kuma ba a ƙofar makaniki su kan tsinke ba.

Ga masu roba-roba: a murfin dama akwai ɗan sukuru da notin kulle. A irin Honda, a kan sassauta notin, a juya sukurun zagaye ɗaya yadda hannun agogo ke tafiya, a komo da shi a hankali har a ji ya taɓo, sa'an nan a mayar da shi kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a kulle. Wasu kamfanoni sun bambanta, sai a bi littafin babur ɗin.

In silo ya yi yawa, shi ma yana sa giya ta ɗaya ta shiga da duka. A rage shi a jikin kafireto bayan injin ya ɗumama.

MATAKI NA BIYAR: BAƘIN MAI DA SARƘA

A tsayar da babur sosai a wuri mai daidai, a zaro ma'aunin mai, a goge, a sake aunawa. Ƙananan baburan nan abin da su ke ɗauka bai fi kimanin lita ɗaya ba, saboda haka ƙaramin yoyo ma yana da haɗari. A murza man tsakanin yatsu. In ya yi baƙi ƙirin, ya tsinke kamar ruwa, ko ya yi kauri kamar kwalta, ya gaji. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, ko garin ƙetare rafi ko garin wanka a magudana. A zubar da shi ran nan. In ka ga garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, ka je wurin makaniki.

A sayi man babur a cikin galan mai hatimi, mai kaurin da littafin ya faɗa. A nemi rubutun JASO MA a jiki. Wannan ma'auni ne da masu ƙera babura na Japan suka fitar a 1998 domin kulocin da ke zaune cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kulocin babur zamewa. Man da a ke aunawa a kwalba a bakin hanya, ba ka san abin da ke ciki ba. Littafi ya faɗi nisan da za a yi kafin juye, amma mai aiki cikin ƙura da kaya masu nauyi kada ya jira sai lissafin ya cika.

Tsohon mai kuwa, kada a zuba shi a magudana ko a bakinta. Ruwan nan gonar maƙwabcinka za shi, dabbobi suna sha, yara suna wanka a ciki. A tara shi a galan.

Sarƙa ma tana da hannu a ciki. In ta saki da yawa, babur yana fizga wajen canji. In ta ɗaure da yawa, tana wahalar da ƙarfen giya. A tsakiyarta ta riƙa wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3, ko yadda aka rubuta a littafi.

INDA HANNUN MANOMI YA TSAYA

In an bi matakan nan biyar ciwo bai tafi ba, yana ciki. Amma ciki ma hawa biyu ne, kuma ya kamata manomi ya san bambancinsu domin kada ya biya kuɗin aikin da ba a bukata.

Hawa na fari yana bayan murfin dama. A nan a ke samun sifirin mai komo da sanda, da hannu mai ƙugiya, da abin da ke danne ganga, da faifan kuloci. A yawancin baburanmu a kan gyara waɗannan ba tare da an sauke injin ba: a juye mai, a buɗe murfi, a sake abin da ya karye, a sa sabon gaskit.

Hawa na biyu shi ne tsakiyar injin, inda gwafa da ganga da giyoyi su ke. Giya mai fita da kanta a kan tudu, ko giya guda wadda ba ta shiga ko kaɗan alhali sauran suna shiga, sau da yawa nan ne ciwonsu. Wannan sai an sauke injin an raba shi biyu, kuɗinsa kuwa ya ninka na farko sau da yawa. Ka roƙi makaniki ya fara duba hawa na fari, ka tsaya a wurin, ya nuna maka abin da ya cire. Makanikin kirki ba ya jin haushin wannan.

IN TA CIJE KANA KAN HANYA

Kada ka sunkuyar da kai kana duban ƙafarka. Ka matse kuloci, ka taka birki a hankali, ka sauka gefe. A kan hanyar bakin magudana ka tsaya ta wajen gona, nesa da ruwa. In sanda ta maƙale a ƙasa, ka ɗago ta da yatsan ƙafa zuwa tsakiya, sau da yawa za ta kama giya ta gaba, ka lallaɓa har gida. In ta tsaya a babbar giya, ka sauke kaya, gama tashi da kaya a babbar giya yana ƙona kuloci. Kada ka hau babban titi da babur da ba ka iya rage masa giya.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

1. A zaɓi mutum ɗaya ya zama mai lura da babur ɗin ƙungiya. Abin da ke na kowa, in ba a ba wani amanarsa ba, ba mai duba shi.

2. A ajiye ɗan littafi a rubuta ranar juyen mai, da nisan da aka yi, da sunan wanda ya hau, da abin da ya ji a jikin babur.

3. A sayi wayar kuloci guda, da sandar giya guda, da galan ɗin mai, a ajiye tun kafin kakar tumatir da girbin shinkafa, lokacin da babur ba shi da hutu.

4. Duk wanda ya faɗi da babur ya faɗa ran nan. A yi dokar da ba za ta sa mutum ya ɓoye ba.

5. A koya wa samari canja giya: a sassauta totur, a matse kuloci har ƙarshe, a taka sau ɗaya, a ɗauke ƙafa. A riƙa rage giya ɗaya bayan ɗaya tun babur yana tafiya, kada a bari sai ya tsaya cik.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Don me sanda ke bukatar komowa tsakiya kafin ta kama wata giya?
2. Giya tana shiga lafiya injin yana kashe, tana tauri in an tayar. Ina za ka fara dubawa?
3. Waɗanne ɓarna biyu walda ke jawowa a bakin shaf?
4. Babur ɗinka mai iri nawa ya ke sha, kuma yaushe ka juye na ƙarshe?
5. Ina mutanen ƙauyenku ke zuba tsohon mai, kuma me ƙungiya za ta yi a kai?

Kafin taro na gaba, kowane mai babur ya yi gwajin nan na juya taya, ya auna wasan kulocinsa, ya zo ya ba da labarin abin da ya gani. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu albarkar gona.